ILMIN GADO DA CIWON SIKILA: ABIN DA YA KAMATA MAI NIYYAR AURE YA SANI

Ga cikakken jawabin da wani malamin kimiyyar halittu ya gabatar a wani taron wayar da kan jama'a a garin Bauci. An buga shi domin amfanin 'yan Arewa mazauna Ikko, Badun, Anacha, Fatakwal da sauran biranen Kurmi.



Hausawa suna cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Wannan karin magana shaida ce cewa tun kaka da kakanni mutanen ƙasar nan sun lura ɗa yana ɗauko kamannin iyayensa. Bafillacen da ke kiwo a gindin Dutsen Zaranda ya san bijimin da zai bari a garke da wanda zai fiɗiye, shi ya sa Bunaji ta zauna da farinta, Rahaji kuma da janta da dogayen ƙahonninta. Manomi yakan ware zangarniyar dawa mafi ƙwari ya rataye don iri. Sai dai akwai tambayoyi biyu da makiyayi da manomi ba su iya amsawa ba. Ta wace hanya gado yake bi daga iyaye zuwa 'ya'ya? Me kuma ya sa wani gadon mai cutarwa, irin amosanin jini da ake kira sikila, ya ƙi ƙarewa a cikin al'umma ko da yake yana kashe yara? Masana sun shafe ɗaruruwan shekaru kafin su kai ga amsa, kuma wani yanki na amsar a ƙasar Hausa aka tabbatar da shi.

MASANAN FARKO

Tunani a kan bambancin halittu ya daɗe. Al-Jahiz na Basra, wanda ya rasu wajen shekarar 868, ya yi bayani a Kitabul Hayawan yadda dabbobi ke cin juna, da yadda mai rauni ke neman dabarar tsira, da yadda wurin zama ke shafar launin halitta. Ibn Khaldun, cikin Muƙaddimarsa ta 1377, ya ƙaryata masu cewa baƙar fata la'ana ce da ta bi zuriyar Hamu ɗan Annabi Nuhu, ya danganta launin fata ga zafin rana da yanayin ƙasa. Shehu Ahmadu Baba na Tumbutu ya kafa hujja da wannan ra'ayi cikin 1615, sa'ad da ya amsa tambayar mutanen Tuwat game da bauta, har ya lissafta Kano da Katsina da Barno cikin ƙasashen Musulmi waɗanda bai halatta a bautar da mutanensu ba.

A ƙasashen Turai, Linnaeus mutumin Suwidin ya jera tsirrai da dabbobi dangi-dangi cikin 1735, ya sa ɗan Adam a cikin jerin. Cikin 1809 wani Bafaranshe mai suna Lamarck ya ce halittu suna sauyawa da tafiyar zamani, amma ya kuskure hanyar. A ganinsa abin da jiki ya samu ta wurin aiki shi ake gada, watau raƙumin dawa ya yi ta miƙa wuya don cin ganye har zuriyarsa ta zo da dogon wuya. Kowane wanzami zai iya rushe wannan magana. Gobirawa sun yi ɗaruruwan shekaru ana yi musu zane a kumatu, amma har yau ba a haifi jariri da zanen Gobirci a fuskarsa ba.

DARWIN DA RARIYAR YANAYI

Charles Darwin mutumin Ingila ya zaga duniya cikin jirgin ruwa mai suna Beagle daga 1831 zuwa 1836, yana tara tsuntsaye da ƙwari da ƙasusuwan dabbobin dā. Ya daɗe yana nazari bai buga kome a kan sauyin halitta ba, sai cikin 1858 wani ɗan ƙasarsu, Alfred Wallace, ya aiko masa da takarda daga tsibiran da yanzu ke cikin Indunusiya, ɗauke da irin tunaninsa. Aka karanta bayanansu tare a London, sa'an nan cikin 1859 Darwin ya buga littafinsa a kan asalin nau'o'in halitta.

Da maganar masu kiwo ya buɗe littafin, musamman masu kiwon tattabaru. Hujjarsa tana da ƙafa uku. Na farko, 'ya'yan uwa ɗaya uba ɗaya ma sun bambanta. Na biyu, wani ɓangare na bambancin ana gadonsa. Na uku, abin da ake haifa ya fi abin da ke rayuwa har ya haihu. Saboda haka yunwa da cuta da sanyi da zafi suna aiki kamar rariya: wanda halittarsa ta dace da wurin ya fi samun rayuwa ya bar zuriya, sannu a hankali siffarsa ta yawaita. Abin da makiyayi ke yi da gangan a garkensa, yanayi yana yin irinsa ba tare da makiyayi ba.

Cikin 1871 Darwin ya kai maganar kan ɗan Adam. Abin da ya faɗa shi ne mutum da manyan birai sun haɗa tushe a zamani mai nisan gaske, kuma mai yiwuwa a Afirka ne. Masana kimiyyar halittu na yau sun karɓi wannan bisa hujjar ƙasusuwa da ta ƙwayoyin gado, malaman addini da yawa kuwa, na Musulunci da na Kirista, ba su yarda da shi ba game da asalin ɗan Adam. Wannan muhawara tana nan. Amma abin da ya shafi taron yau ana ganinsa a ɗakin gwajin jini, kuma mai aiki da shi ba ya bukatar jiran ranar da za a gama muhawarar.

MENDEL DA LISSAFIN WAKE

Darwin ya rasu cikin 1882 bai san yadda gado ke tafiya ba. Mutanen zamaninsa sun ɗauka jinin uwa da na uba suna gaurayuwa kamar nono da ruwa. In da haka ne, da kowace sabuwar siffa ta tsinke ta ɓace bayan 'yan haihuwa.

Ashe amsar tana lambun wani gidan ibada na Kirista a garin Brno, cikin ƙasar Cek ta yanzu. Wani malamin coci, Gregor Mendel, ya shafe daga 1856 zuwa 1863 yana barbarar wani irin wake na Turai, ya shuka kimanin tushe 28,000. Da ya haɗa dogon iri da gajere, 'ya'yan duka suka fito dogaye. Da ya bar waɗannan 'ya'ya suka yi barbara a tsakaninsu, sai gajarta ta sake ɓullowa a jikoki: dogaye 787, gajeru 277, watau kusan uku bisa ɗaya. Daga nan ya gane cewa gado ƙwayoyi ne da ba sa narkewa. Kowane mai rai yana ɗauke da biyu a kan kowace siffa, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, kuma wata takan danne wata. Wadda aka danne tana nan kwance, tana jiran ranar da za ta gamu da irinta.

Ya buga sakamakon cikin 1866, ba wanda ya kula, har sai 1900 da waɗansu masana uku suka sake gano aikin, shekara 16 bayan rasuwarsa. Wajen 1930 Fisher da Haldane da Wright suka ɗinke tunanin Darwin da lissafin Mendel, suka nuna cewa sauyin halitta shi ne ƙaruwa ko raguwar wata ƙwayar gado a cikin al'umma daga tsara zuwa tsara. Cikin 1953 Watson da Crick suka bayyana sigar sinadarin DNA, wanda a jikinsa aka rubuta gadon da haruffa huɗu kacal.

JINI MAI KAMA DA LAUJE

A cikin jajayen ƙwayoyin jini akwai sinadari mai suna himogulobin, shi ke ɗaukar iska daga huhu zuwa sassan jiki. Cikin 1910 wani likita a Shikago ta Amurka, James Herrick, ya ba da labarin wani ɗalibi baƙar fata daga tsibirin Giranada wanda ƙwayoyin jininsa suka lanƙwashe kamar lauje. Daga sunan lauje da Turanci aka samo kalmar sikila. Cikin 1949 Neel a Amurka da Beet a ƙasar da yanzu ake kira Zambiya, kowa da nasa binciken, suka tabbatar cewa ciwon yana bin lissafin Mendel sak. Vernon Ingram kuma ya nuna cikin 1956 da 1957 cewa ƙulli ɗaya tak ne ya sauya, wanda daga baya aka gane shi ne na shida a cikin sarƙa mai ƙulli 146.

Ƙwayar gado ta lafiyayyen himogulobin ana kiranta A, mai lauje kuma S. Mai AA ba ya ɗauke da kome. Mai AS yana ɗauke da S a kwance, yana noma yana dako kamar kowa, galibi bai ma san yana da ita ba. Mai SS shi ne mai ciwon. Ƙwayoyin jininsa sukan mutu cikin kwana 10 zuwa 20 maimakon kwana 120, sukan kuma toshe ƙananan jijiyoyi, shi ke kawo ciwon ƙashi mai tsanani, da kumburin hannu da ƙafa ga jarirai, da rawayar ido, da ƙarancin jini.

Misalin lissafin shi ne uba yana da goro biyu a aljihu, fari da ja, uwa ma tana da fari da ja a ƙullin zanenta. A kowane ciki kowannensu zai runtse ido ya ciro ɗaya. Fari da fari shi ne AA, fari da ja shi ne AS, ja da ja shi ne SS. Cikin hanyoyi huɗu, ɗaya AA ce, biyu AS, ɗaya SS. Abin lura shi ne bayan kowace haihuwa goron yana komawa wurinsa a sake sabon zaɓe. Ma'aurata masu AS za su iya haifar yara huɗu lafiya ƙalau, za su kuma iya haifar uku a jere masu SS. Daɗin daɗawa, ba a samun SS sai uba ya ba da nasa jan goron. Don haka dangin miji da ke ɗora wa matar laifi, har a kai ga saki, sun zalunce ta.

ABIN DA AKA GANI A GARKI

Tambaya ta biyu ita ce me ya hana S ƙarewa, tun da a dā yawancin masu SS ba sa kai shekarun aure. Cikin 1949 Haldane ya yi hasashen cewa zazzaɓin cizon sauro na iya zama dalilin yawaitar irin waɗannan cututtuka na jini. Anthony Allison, wanda ya tashi a Kenya, ya lura S ta yi yawa a bakin teku da gaɓar Tafkin Biktoriya inda sauro ya yi katutu, ta yi ƙaranci a kan tsaunuka. Cikin 1954 ya buga hujjar cewa masu AS suna da kariya daga zazzaɓin. Binciken baya ya nuna kariyar daga zazzaɓi mai tsanani, irin mai kisa, ta kai kimanin kashi 90 cikin 100, ko da yake ba ta hana kamuwa gaba ɗaya.

Daga 1970 zuwa tsakiyar shekarun 1970, Hukumar Lafiya ta Duniya da Gwamnatin Nijeriya suka gudanar da babban bincike a kan zazzaɓin a ƙauyukan Garki, wadda a lokacin take Jihar Kano, yanzu kuwa Jihar Jigawa. Farfesa Alan Fleming na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da abokan aikinsa suka auna jinin jama'a, suka buga sakamakon cikin 1979. A cikin jarirai sababbin haihuwa, kimanin 2 cikin 100 masu SS ne, amma a cikin manya da ƙyar ake samun ko ɗaya. Masu AS kuwa kashi 24 ne cikin 100 a jarirai, suka hau zuwa 29 a waɗanda suka wuce shekara biyar. Ba wanda jininsa ya sauya. Zazzaɓi ne ya fi ɗaukar yara masu AA, sikila ta ɗauki masu SS, masu AS suka fi wucewa ta rariya. Wannan ita ce maganar Darwin da lissafin Mendel, an gan su da ido a ƙauyukan Hausawa.

Cikin 1958 wani masanin nazarin ɗan Adam, Frank Livingstone, wanda ya yi aiki a Laberiya, ya kawo dalilin cewa noma ne ya buɗe wa sauro hanya a Afirka ta Yamma, domin sare daji da kafa ƙauyuka suna barin kududdufai a fili kusa da mutane. Cikin 2018 Daniel Shriner da Charles Rotimi, ɗan Nijeriya mai bincike a Amurka, suka ƙiyasta cewa S ta faro sau ɗaya ne, kimanin shekara 7,300 da suka wuce, zamanin da Sahara take da ciyawa da tafkuna. Kwalekwalen Dufuna da aka tono a ƙasar Yobe, mai kimanin shekara 8,000, shaida ne na wancan zamani mai yawan ruwa.

NONO DA LAUNIN FATA

Akwai misali na biyu da ake gani kullum a Kasuwar Wunti. Kusan kowane jariri yana narkar da sukarin da ke cikin madara, amma yawancin mutanen duniya sukan rasa wannan iko bayan yaye, ɗanyar madara ta riƙa sa su kumburin ciki da zawo. Cikin 1971 Norman Kretchmer da Dakta Olikoye Ransome-Kuti da abokan aikinsu suka gwada ƙabilun Nijeriya, suka tarar yawancin Fulani makiyaya suna narkar da shi har girma, alhali kuwa kusan duk manyan Yarbawa ba sa iyawa. Dubban shekarun kiwo ne suka fifita wannan gado a wurin makiyaya, zanen shanu na dā da ke duwatsun Geji kusa da Bauci da na Birnin Kudu kuwa suna nuna daɗewar shanu a wannan yanki. Nonon da ya kwana ya yi tsami an rage masa wancan sukari, shi ya sa fura da nono ba ta cika damun mai sha ba.

Wajibi ne a faɗi cewa an yi amfani da wannan ilmi wajen zalunci. Turawan ƙarni na 19 sun auna ƙoƙunan kai suna jera jinsuna sama da ƙasa don halatta bauta da mulkin mallaka, Francis Galton kuma ya ƙirƙiro aƙidar tace zuriya cikin 1883, wadda 'yan Nazi suka kai ga kisan miliyoyin mutane. Ilmin da kansa ya rushe su. Cikin 1972 Richard Lewontin ya nuna cewa kimanin kashi 85 cikin 100 na bambancin gado yana tsakanin mutanen al'umma ɗaya ne. Ita kanta S ana samunta a Girka, da Sisili ta Italiya, da gabashin Saudiyya, da Indiya, wurare ne da zazzaɓin sauro ya taɓa addaba.

ABIN DA YA RAGE GA JAMA'A

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2006 ya ƙiyasta cewa kimanin kashi 24 cikin 100 na 'yan Nijeriya suna ɗauke da S, kuma ana haifar jarirai wajen 150,000 masu ciwon a kowace shekara, fiye da kowace ƙasa a duniya. Lissafin mai sauƙi ne. In namiji ɗaya cikin huɗu AS ne, mace ɗaya cikin huɗu ma haka, to aure ɗaya cikin 16 zai haɗa masu AS biyu, haihuwa ɗaya cikin 64 kuma za ta zo da SS. Auren zumunci yana ƙara yiwuwar haɗuwar, tun da 'ya'yan wa da ƙane daga kaka ɗaya suka ɗebo goronsu.

Mazauna Kurmi suna da abin lura na musamman. Akwai wata ƙwayar mai suna C, wadda ta fi yawa a ƙasar Yarbawa da arewacin Gana da Burkina Faso. Mai AS in ya auri mai AC za su iya haifar SC, shi ma ciwo ne, ko da yake sau da yawa bai kai SS tsanani ba. Har wa yau, abin da Hausawa ke kira ɗan wabi, Yarbawa su ce abiku, Ibo su ce ogbanje, watau yaran gida ɗaya da ke mutuwa bi da bi, waɗansu masana suna ganin sikila na cikin dalilansa, kuma asibiti ne wurin tantance hakan.

Saurayin da ke Agege ko Sabo ta Badun, wanda ya tara kuɗi zai zo gida aure bayan Salla, ya kamata ya yi gwajin jinotaif tun kafin a kai gaisuwar iyaye, ita ma yarinyar a yi mata, domin janyewa bayan an sa rana yana da wuya. Wannan gwaji daban yake da na rukunin jini na A da B da O, wanda ake yi don ƙarin jini. Ana yin sa a manyan asibitoci irin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke nan Bauci, da Asibitin Jami'a na Badun, da Cibiyar Sikila ta Ƙasa da ke Idi-Araba a Ikko. Yana da kyau a maimaita a wuri na biyu don kauce wa kuskure. Jihar Kano ta mai da gwajin kafin aure doka cikin 2024. Mai AS ba abin gudu ba ne, in ya auri mai AA ba za su haifi SS ba.

Waɗanda suka riga suka yi aure kuwa, abin yi shi ne a gwada jariri da wuri. Yaro mai SS yana bukatar allurar rigakafi cikakkiya, da gidan sauro, domin shi zazzaɓi ya fi yi masa illa, da yawan shan ruwa, da sutura lokacin hunturu, da gaggawar zuwa asibiti in jikinsa ya yi zafi. Akwai magani mai suna haidiroksiyuriya da likita ke rubutawa, wanda gwajin da aka yi a asibitocin Kano ya nuna yana rage haɗarin shanyewar ɓarin jiki ga yara. An yi dashen ɓargo na farko a Nijeriya a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Binin cikin 2011, cikin 2023 kuma Ingila da Amurka suka amince da maganin gyaran ƙwayar gado, amma kuɗinsa a Amurka ya haura dala miliyan biyu. Da kulawa, masu SS da yawa sun girma, sun yi karatu, sun yi aure sun haihu.

Nauyin yana kan waliyyai da limaman da ke ɗaura aure, da sarakunan Hausawa na Kurmi waɗanda ake kai wa maganar aure, su tambayi takardar gwaji kamar yadda suke tambayar asali da sana'a. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya raya zuriya, amin.